Babi na Bakwai: Kafintan da Ya Sa Rigar Ingila

A ranar 17 ga Maris 1906, mako guda bayan sojojin Turawa sun rusa garin Satiru a kudu da Sakkwato, wani baƙar fata ya sa farar rigar Ingila mai jan fure a ƙirji, ya shiga filin Inverleith da ke Edinburgh don ya buga wa ƙasar ƙwallon zari-ruga. Sunansa James Peters, shekarunsa 26, sana'arsa kafinta. Kafin shi babu baƙin mutum da ya taɓa wakiltar Ingila a wannan wasa, bayan shi kuma sai da aka shekara 82 kafin a sake ganin wani ya fara. Wanda ya biyo bayan nasa ɗan asalin Najeriya ne, za mu zo kansa.

A ƙasar Yauri zari-ruga ba wasanmu ba ne. Matashin Warra ko Ngaski ko Shanga zai jero maka 'yan wasan Arsenal da Chelsea har da na benci, amma da wuya ya zauna a gidan kallo in an sa wannan ƙwallo mai siffar ƙwai. Duk da haka labarin Peters ya shafe mu, saboda tambayar da ta raba shi da wasan tambaya ce da duk mai zuwa filin kokawa ya san amsarta: mutumin da ya sa jikinsa ya faranta wa jama'a rai, ya halatta a ba shi wani abu ko bai halatta ba?

An haife shi a Salford, kusa da Manchester, ranar 7 ga Agusta 1879. Mahaifinsa George mutumin Jamaika ne, yana bin ayarin masu wasa da dabbobi, waɗanda ke yawo gari-gari suna kafa tanti ana biya a shiga kallo. Zakuna yake horarwa, su ne kuma suka kashe shi a cikin keji tun yaron yana ƙarami. Mahaifiyarsa Hannah Gough, Baturiya daga Shropshire, ba ta da halin riƙe shi, sai ya koma hannun wani ayarin, inda yake sukuwa a kan doki babu sirdi. Yana ɗan shekara 11 ya karye a hannu. Yaron da ba ya iya hawan doki ba shi da sauran amfani a wurinsu, suka naɗe tantinsu suka bar shi. Daga nan ya faɗa gidan marayu na Fegan a Southwark cikin Landan, aka kuma mayar da shi wani gidan a Greenwich. A can ya koyi aikin ɗab'i da kafinta, a can ne kuma aka gane yaron yana da gudu da kaifin ido, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyoyin wasan gidan.

Ga wanda bai taɓa tsayawa ya kalli wasan ba, ga yadda yake. Mutum 15 ne kowane ɓangare. Ana ɗaukar ƙwallon a hannu a ruga da ita, abokin hamayya kuma yana da damar ya rungumo ka ya kayar. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo gaba, sai baya ko gefe, ci kuwa shi ne ka kai ta bayan layin can ka dire ta a ƙasa. In aka yi ƙaramin laifi, sai ƙarti takwas daga nan, takwas daga can su sunkuya su sarƙe hannuwa, su cusa kawuna tsakanin kafaɗun juna, a jefa ƙwallon a ƙarƙashin ƙafafunsu. Sai turereniya, taɓo na fallatsa, tururi na tashi daga bayansu saboda sanyi, har wani ya tokaro ta da dunduniya ta ɓullo ta baya. Akwai mutum biyu masu jiran wannan lokaci. Na farko ya sure ta ya cilla wa na biyu, shi kuma kafin ƙiftawar ido sai ya yanke shawara: ya ruga da kansa, ya miƙa wa masu gudu da ke jere a gefensa, ko ya daka ta da ƙafa ta yi nisa. Nan ne gurbin Peters. Gurbi ne na mai juya wasa, wanda sauran ke bin hannunsa, kuma a ganina wannan yana cikin abin da ya tsaya wa wasu a maƙogwaro. A daular da ke mulkin Kano da Sakkwato da ƙarfin bindiga, ga baƙin kafinta yana juya 'ya'yan manya a fili.

Wasan kuwa tun asali na 'ya'yan manya ne. A makarantar kwana ta garin Rugby ya samo suna, tsofaffin ɗaliban irin waɗannan makarantu masu tsada ne kuma suka kafa hukumarsa, RFU, a Landan cikin Janairun 1871. Karawar farko tsakanin ƙasa da ƙasa an yi ta ne ranar 27 ga Maris na wannan shekara a Edinburgh, mutum 20 kowane ɓangare, Sikotlan ta yi nasara. Kyaftin ɗin Ingila a ranar, Frederick Stokes, lauya ne, cikin sahunsa akwai hafsoshin soja da 'ya'yan 'yan kasuwa. Mutane ne da in sun bar ofis ranar Asabar babu abin da zai ragu a tukunyar gidansu.

Cikin shekara goma sha wasan ya tsallaka arewacin Ingila, Yorkshire da Lancashire, ya shiga hannun masu aiki a masaƙu da masu haƙar kwal. Su kuwa Asabar ranar aiki ce. Wanda ya bar ramin kwal ya tafi wasa, ladan ranar ya tafi. Kulob-kulob na arewa suka ce a yarda su riƙa biyan ɗan wasa iyakar abin da ya rasa. Hukumar da tun 1886 ta haramta ba ɗan wasa kuɗi ko kyauta ta ƙi. A babban taron 1893 aka kaɗa ƙuri'a, 282 suka ce a'a, 136 suka ce e. Ranar 29 ga Agusta 1895 kulob 22 suka ɓalle bayan wani zama a otal ɗin George da ke Huddersfield, suka kafa tasu ƙungiyar, suka yarda da biyan sule shida a rana ga wanda wasa ya hana shi aiki. Wannan ce ta zama zari-ruga ta 'yan 13 da ake bugawa har yau. Ingila ta ji a jikinta, domin mafi ƙarfin 'yan wasanta can suka tafi. Daga 1892 ba ta sake ɗaukar kambun gasar da take yi da maƙwabtanta ba sai 1910. Hukumar ta gwammace a yi ta cin ta da a ce lebura ya karɓi sule shida, wanda duk aka kama ya karɓa kuma, ko ya buga wa 'yan arewa wasa, an kore shi ke nan har abada.

A cikin wannan yanayi Peters ya taso. Aikin kafinta ya kai shi Bristol, ya fara da ƙananan kulob na unguwa, daga 1900 zuwa 1902 ya buga wa babban kulob ɗin birnin wasa 35. Tun a nan ya fara ganin abin da zai bi shi har ƙarshe. Wani ɗan kwamitin kulob ɗin ya ajiye muƙaminsa saboda an sa baƙi a sahu, wata jaridar garin kuma ta yi ƙorafin cewa ya tare wa farar fata gurbi. Laƙabin da 'yan kallo da jaridu suka liƙa masa, har da masu ƙaunarsa, na launin fatarsa ne. A 1902 ya koma Plymouth, ya sami aiki a Devonport, inda ake ƙera jiragen ruwan yaƙin Ingila ana gyara su. Plymouth gari ne na ma'aikata da matuƙa jirgi, suka rungume shi. Ya buga wa kulob ɗin garin, shi da abokinsa Raphael Jago kuma suka zama ginshiƙin ƙungiyar gundumar Devon, wadda ta ɗauki kofin gundumomi a 1906.

Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa sun daɗe suna kau da kai. Sai da New Zealand ta lallasa Ingila a Disambar 1905, Wales da Ailan suka ƙara mata a farkon 1906, jaridun yammacin ƙasar kuma suka matsa, sannan aka kira shi. Jaridar Yorkshire Post ta rubuta ƙarara cewa zaɓen nasa bai yi wa mutane daɗi ba saboda launin fata. Aka haɗa shi da Adrian Stoop, wanda ya yi makarantar Rugby ya wuce jami'ar Oxford. Ɗan gata da ɗan gidan marayu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, Ingila ta ci Sikotlan 9 da 3, abin da rabonta da shi tun 1902. Bayan kwana biyar, ranar 22 ga Maris, aka yi karawar farko a tarihi tsakanin Ingila da Faransa a birnin Paris. Ingila ta ci 35 da 8, Peters ya dire ƙwallo ɗaya da hannunsa.

A kakar 1906 tawagar Afirka ta Kudu ta zo rangadi ƙarƙashin Paul Roos, shekara huɗu bayan yaƙin Ingila da Turawan Boer. An shirya rangadin ne har da niyyar ɗinke ɓaraka tsakanin fararen fata biyu na can. A watan Oktoba suka zo Plymouth don karawa da Devon. Labarin da ya yaɗu shi ne sun so su ƙi fitowa fili saboda Peters, sai da aka lallashe su. Abin da ke rubuce shi ne an yi wasan, Peters ya buga, baƙin sun yi nasara. Ranar 8 ga Disamba, da Ingila kanta ta kara da su a Crystal Palace aka tashi 3 da 3, an sa Stoop da Jago, an bar Peters a gida. Mutumin da ya taimaka aka ci wasa biyu a jere a watan Maris, a Disamba an ajiye shi, ranar da masu masauki ba sa son ɓata wa baƙinsu rai. Ni dai ban ga wata fassara mai kyau da za a yi wa wannan ba.

An sake kiran sa sau uku. A 1907 ya buga da Ailan a Dublin, ya kuma buga da Sikotlan a Blackheath, unguwar da ke maƙwabtaka da Greenwich inda ya tashi a gidan marayu, shi ne ma ya dire wa Ingila ƙwallonta ɗaya tilo a ranar. Na ƙarshe shi ne na Janairun 1908 da Wales a Bristol, cikin hazo mai kauri da ya hana 'yan kallo ganin rabin abin da ake yi, Wales ta ci 28 da 18. Wasa biyar ke nan gaba ɗaya, da ci biyu.

A 1910 hatsari ya same shi a wurin aiki, ya rasa yatsu uku. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu haɗa kwale-kwale a bakin ruwan Yauri, ya ga yadda hannu ɗaya ke danne katako ɗaya na jan zarto, ya ga yadda ake riƙe ƙusa tsakanin yatsu kafin guduma ta sauka, ya san abin da yatsa uku ke nufi ga kafinta. Ga ɗan wasan da aikinsa cafe ƙwallo da miƙa ta kuwa, sai a ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Mutanen Plymouth suka haɗa masa gudummawa. Ya warke, ya dawo fili da sauran yatsunsa, ya ci gaba da bugawa har 1912.

A nan nake so mai karatu ya dawo gida ya tuna filin kokawa bayan an kawar da amfanin gona. Gungawa sun yi suna a wannan wasa tun suna tsibiransu, kafin madatsar Kainji ta cika a 1968 ruwa ya tashe su zuwa sababbin garuruwa. Jama'a sun yi da'ira, makaɗa na gefe, maroƙi na zuba kirari. Matasa biyu su shigo, su sunkuya, kowa na neman hannun ɗan'uwansa, ƙafa na tono ƙasa. Da an yi kaye sai fili ya kaure, a ɗaga gwanin sama. In an sauke shi sai ya zagaya, ya durƙusa gaban manya ya yi gaisuwa. Wani ya liƙa masa kuɗi a goshi, su manne da zufa, wani ya miƙa masa shadda, mai hali ya yi alƙawarin abin da ya fi haka. Shi ma kafin ya bar wurin sai ya ɓantari wani abu ya ba makaɗa. Babu mai ɓoye hannu. A gaban kowa ake bayarwa, maroƙi ma shelanta sunan mai kyautar yake yi, domin ƙarin girma ne ga mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya zo kallo yana da hali ya tafi bai ba da komai ba, shi ake yi wa kallon marowaci. Haka yake a dambe, inda Ɗan Anace ya ɗaukaka sunan Shago, haka yake a Nijar, inda tun 1975 hukuma ke shirya gasar takobi ana ba sarkin kokawa kyauta a bainar jama'a.

Ba na cewa tsarinmu ba shi da ɓaraka. Kari na mai tashe ne. Ɗan kokawar da ya goce a kafaɗa ko ya karye a ƙugu, sau da yawa shi da iyayensa ake bari da kuɗin mai ɗori, masu liƙi sun koma kan sabon gwani. Amma ba mu taɓa ɗaukar taimaka masa a matsayin laifi ba. A dokar zari-ruga ta Ingila ta wancan zamani, abin da mutanen Plymouth suka yi wa kafintansu da ya rasa yatsu, irin abin da ake hukunta ɗan wasa a kansa ne.

Dokar kuma ba ta hawa kan kowa daidai. A 1897 masoyan Arthur Gould, kyaftin ɗin Wales, sun tara kuɗi sun saya masa gidan da yake zaune a ciki a Newport. Sauran ƙasashe suka ce ya zama ɗan wasan kuɗi. Hukumar Wales ta tsaya masa tsayin daka, har ta fice daga majalisar wasan ta ƙasa da ƙasa, aka fasa wasanninta da Sikotlan da Ailan a wannan shekara. A ƙarshe aka sasanta. Gould ya daina buga wa ƙasa, amma ya riƙe gidansa da mutuncinsa, ya zama alƙalin wasa, har ya shiga cikin masu zaɓen 'yan wasan Wales. Shi yana da ƙasa guda a bayansa.

A 1912 wasu kulob na kudu maso yammacin Ingila, waɗanda 'yan wasansu ma'aikata ne, suka fara shirin bin sahun 'yan arewa. RFU ta sa bincike, ta bi littattafan kuɗi, ta dakatar da 'yan wasa da dama bisa laifin karɓar kuɗi, har da Peters, kulob ɗin Plymouth ɗin ma bai tsira ba. Babu wata hukuma da ta fice daga ko'ina saboda shi. Yana da shekara 34 ya koma arewa maso yamma inda aka haife shi, ya buga wa Barrow zari-ruga ta 'yan 13 a 1913, ya koma St Helens a 1914, daga nan ya rataye takalmi. A can an biya shi a fili, amma ƙarfin ya riga ya tafi. Ya rasu a Plymouth ranar 26 ga Maris 1954, yana da shekara 74.

Masu ba da labarinsa a yau sun fi tsayawa kan launin fata, kuma suna da gaskiya, domin shi ya jinkirta kiran sa, shi ya rage masa wasanni. Sai dai ƙofar da aka rufe masa ta ƙarshe, da dokar talauci aka rufe ta, wadda ta haɗa da shi da fararen leburorin da ke aiki tare da shi a Devonport. Doka ce da masu ƙoshi suka rubuta, suka kira ta tsarkin wasa. Mai albashin lauya yana iya cewa shi don sha'awa kawai yake bugawa. Da aka ɗora wannan sharaɗi a kan mai cin abinci da ladan yini, an tace shi ne daga wasan ba tare da an ambaci sunansa ba.

Tarihin waɗanda suka biyo baya ma yana nuna haka. Chris Oti, wanda aka haifa a Landan, iyayensa 'yan Najeriya, ya fara buga wa Ingila a 1988, a wasansa na biyu ya dire ƙwallo uku a karawa da Ailan a Twickenham. Makarantar Millfield ya yi, ya wuce jami'ar Cambridge. Bayan shi aka sami Victor Ubogu haifaffen Legas, da Steve Ojomoh haifaffen Benin, da Adedayo Adebayo haifaffen Ibadan. Dukansu ukun makarantun kwana masu tsada suka yi, kuma a Devon, gundumar da Peters ya buga wa wasa: biyu na farko a West Buckland, na ukun a Kelly College. Gwanaye ne na gaske, babu mai ja, amma ta ƙofar 'ya'yan manya suka shiga. Irin su Jeremy Guscott, wanda ya yi aikin gini kafin ya fara buga wa Ingila a 1989, ba su da yawa.

Sai a watan Agustan 1995, shekara ɗari cif bayan zaman Huddersfield, majalisar wasan ta duniya ta soke haramcin biyan 'yan wasa. Bayan shekara biyar Jason Robinson, wanda ya tashi a unguwar talakawa a Leeds ya yi suna a Wigan cikin wasan 'yan 13, ya tsallako zuwa wancan ɓangare, abin da a da ba ya yiwuwa. Shi ya dire wa Ingila ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2003 da ta ɗauka a Ostareliya, a 2004 kuma ya zama baƙar fata na farko da ya yi mata kyaftin. A Janairun 2025 aka ba Maro Itoje, ɗan iyaye 'yan Najeriya wanda ya yi makarantar Harrow, kyaftin ɗin Ingila, a wannan shekarar kuma ya ja tawagar haɗin gwiwa ta Birtaniya da Ailan zuwa Ostareliya.